Maganar Wani a Bakinka: Aro Ne ko Sata?



Kwanakin baya wani saurayi daga Zumuntar Matasa ta ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu na cikin garin Gombe ya aiko mana da maƙala a kan addu'a, yana roƙo a buga ta a wannan mujalla. Da na fara karantawa sai raina ya yi fari, na ce a zuciyata lalle Allah yana tanadar mana marubutan gobe. Kafin in kai shafi na uku sai na ji kamar na taɓa bin wannan hanya. Misalin da ya kawo na san shi, yadda ya jera hujjojinsa ma na san shi. Na tashi na ɗauko wani tsohon littafin Turanci da ke kan kantata tun ina ɗalibi, na buɗe, sai ga maƙalar nan a zaune, babi guda cur. Yaron ya juya ta zuwa Hausa ne kawai, Hausa mai kyau kuwa, ya sa sunansa a ƙasa.

Na aika ya zo. Na ajiye littafin da takardunsa gefe da gefe a kan tebur, ban ce kome ba. Ya duba, ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Baba, ai ban yi nufin mugunta ba. Abin da ke ciki gaskiyar Allah ce, kuma na ga mutanenmu ba za su taɓa samun littafin ba. Gaskiyar Allah tana da wani mai ita ban da Allah?"

Na yi niyyar tsawata masa, amma tambayar ta tsayar da ni. Tambaya ce mai nauyi, kuma na tabbata ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Dubban 'ya'yanmu suna karatu a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gombe, da makarantunmu na tauhidi. Kowannensu rana tana zuwa da za a ce ya rubuta kundin kammala karatu, ya sa hannu a shafin farko cewa aikinsa ne. Saboda haka ya kamata mu amsa tambayar nan da natsuwa, domin amsar da muka bayar ita za su shiga da ita ɗakin karatu.

Hujjar yaron tana da ƙafafu

Adalci shi ne mu fara da abin da ke goyon bayansa. Mu mutanen baka ne. Karin magana ba shi da uba. Sai dai a ce "Hausawa sun ce", a wuce. Tatsuniyar da kakarka ta yi maka da dare ba ta gaya maka wa ya ƙaga ta ba, kai ma ba ka tambaya ba. Waƙoƙi da yawa da Zumuntar Mata ke rerawa da ganga da shantu sun bi daga Kaltungo zuwa Biliri zuwa Gombe ba tare da kowa ya riƙe sunan wadda ta fara rera su ba. A cikin irin wannan rayuwa, magana mai kyau kamar ruwan rafi take, mai ƙishi ya sha ya yi gaba.

Ko a rubuce ma haka abin ya taɓa kasancewa. Masana adabin Hausa sun nuna cewa Abubakar Imam, sa'ad da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ya ɗebo labarai da dama daga littattafan wasu al'ummai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa, ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. Ba wanda ya fasa ƙaunar littafin saboda haka. A cikin Littafi Mai Tsarki kuma, yawancin masana sun yarda cewa Matiyu da Luka sun yi amfani da Bisharar Markus, ba su kuwa ambaci sunansa ba. Littattafan Tarihi sun maimaita sassa masu tsawo na Sama'ila da Sarakuna.

Har wani babban uban ikkilisiya ɗan Afirka ya taɓa batun. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta littafi a kan koyarwar Kirista. A sashe na huɗu ya ce akwai masu wa'azi da Allah ya ba su murya da iya isar da saƙo amma bai ba su baiwar tsara shi ba, kuma ba laifi irin waɗannan su haddace wa'azin da wani ya rubuta su gabatar wa jama'a. Da yaron nan ya san wannan, da ya kafa mini hujja da shi.

To amma Augustin ya sa sharaɗi guda, kuma a kan sharaɗin nan dukan maganar ta rataya: a yi shi ba tare da ruɗi ba.

Inda aro ya zama sata

Idan na ce "Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne", ba wanda ya ɗauka ni na ƙaga maganar. Na riga na faɗi inda na samo ta gwargwadon abin da kowa ya sani. Kakar da ke tatsuniya ba ta neman a ba ta takardar shaida a kan cewa Gizo da Ƙoƙi daga kanta suka fito. Mai sauraro ya san kayan jama'a ne, mai faɗa ma ya san mai sauraro ya sani. Babu wanda aka ruɗa.

Amma sa'ad da mutum ya sa sunansa a ƙarƙashin maƙala, ko ya sa hannu a gaban kundin digiri, ya yi wata magana dabam wadda ba ta cikin shafukan. Ya ce wa mai karatu: ni na zauna, ni na bincika, ni na auna, wannan ne abin da na samu, inda kuma na jingina da wani na nuna. A kan wannan furuci ake ba shi maki, a ba shi digiri, a ɗauke shi aiki. In furucin ƙarya ne, kome gaskiyar abin da ke cikin shafukan, mutumin ya yi ƙarya. Gaskiyar Allah ta Allah ce, yaron bai yi kuskure a nan ba. Sai dai wahalar da wani bawan Allah ya sha kafin ya tono ta, ya wanke ta, ya jera ta yadda za ta shiga kunne, wannan tasa ce, yabon da ya biyo bayanta ma nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba tsarin Mulkin Allah ba ne.

Ku tuna da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, Bitrus da kansa ya faɗa musu haka. Ba a hukunta su don sun rage wani abu ba. Sun kawo sashe suka bar ikkilisiya ta ɗauka duka ne, don su sami irin sunan da Barnaba ya samu ba tare da sun biya abin da ya biya ba. Mai satar rubutu a wannan layi yake tsaye. Yana taka doka biyu da ke maƙwabtaka da juna a Fitowa 20:15-16, ta hana sata da ta hana shaidar zur, da ƙafa ɗaya.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan laifi da ita ta samo asali daga wata kalmar Latin mai nufin ɓarawon mutane, wato mai sace ɗan wani ko bawan wani. Wani mawaƙin Roma mai suna Martial, a ƙarni na farko bayan haihuwar Almasihu, shi ya fara jifan wani da ita saboda yana karanta waƙoƙinsa a bainar jama'a kamar nasa. Mu da muka san zafin satar mutane a ƙasar nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayanin abin da yake nufi.

Littafi Mai Tsarki yana nuna rijiyarsa

Wanda ya karanta Tsohon Alkawari da lura zai ga marubutansa ba su jin kunyar nuna inda suka ɗebo ruwa. Littafin Ƙidaya 21:14 ya ambaci wani littafi na yaƙe-yaƙen Ubangiji. Joshuwa 10:13 da 2 Sama'ila 1:18 sun ambaci Littafin Yashar. Marubucin Sarakuna, kusan duk sa'ad da ya gama labarin wani sarki, yakan tura mai karatu ga littafin tarihin sarakunan Yahuza ko na Isra'ila don ƙarin bayani. Littafin Karin Magana ya rarrabe na Sulemanu da na masu hikima da na Agur da na sarki Lemuwel, har ya faɗa a 25:1 cewa mutanen sarki Hezekiya ne suka kwafe wani sashe. Ko masu kwafi an ba su haƙƙinsu.

A Sabon Alkawari, Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin yadda ya yi aikinsa. Ya shaida wa Tiyofilas cewa waɗansu da yawa sun riga shi rubutu, cewa labarin ya zo ne daga shaidun gani da ido, cewa shi kuma ya bi diddigin kome tun daga farko. Bai kira sunan Markus ba, gama ba al'adar zamaninsa ba ce, amma bai bar kowa ya ɗauka shi kaɗai ya haƙa rijiyar ba. Manzo Bulus a Atina, da ya ari baitin mawaƙan Helenawa, ya gaya wa masu jinsa cewa maganar mawaƙansu ce (Ayyukan Manzanni 17:28). Haka ya yi a Titus 1:12 da maganar wani mutumin Karita.

Akwai wurin da ambaton madogara ya ceci rai. A Irmiya sura 26, firistoci da annabawa sun kama Irmiya suna neman a kashe shi don ya yi annabci a kan Haikali da Urushalima. Sai waɗansu dattawa suka miƙe suka tuna wa taron cewa Mika mutumin Moreshet ya faɗi irin wannan magana a zamanin sarki Hezekiya, sarki kuwa bai kashe shi ba, ya ji tsoron Ubangiji. Ku lura da abin da dattawan nan suka kawo: sunan mai magana, garinsa, zamaninsa, da abin da ya faɗa. Da sun ce "mun taɓa ji an ce", wa zai saurare su a cikin wannan hayaniya? Haka kuma a Ezra sura 5 da 6, aikin ginin Haikali ya tsaya a kan tambaya guda: da gaske sarki Sairus ya ba da izini? Sarki Dariyus ya sa aka bincika ɗakunan ajiyar littattafai, aka sami naɗaɗɗiyar takardar a Akmeta, gini ya ci gaba. Ma'aikacin da ya adana takardar nan shekaru da yawa bai san yana yi wa Allah hidima ba.

A gefe guda kuma, Irmiya 23:30 ya nuna Ubangiji yana gāba da annabawan da ke satar maganarsa daga bakin juna. Laifinsu shi ne suna tsayawa gaban jama'a kamar waɗanda suka ji daga wurin Allah, alhali daga maƙwabci suka ji.

Kada kuma wani ya ce ambaton madogara al'adar Bature ce da aka ɗora mana. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da ilimin isnadi, inda ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, har yau ana ambatonsa tare da malaminsa Shehu Usmanu. A ƙasar nan tun dā, mai ilimi na gaske da sunan malaminsa ake saninsa.

Su wa ake cuta?

Na farko shi ne mai aikin, wanda Romawa 13:7 ta ce a ba shi girman da ya cancanta. A nan ƙasarmu muna da misali mai kyau. John Hall, ɗan mishan na SIM da ya iso Kaltungo tare da Gordon Beacham a 1917, ya bar rubutu a kan addini da al'adun Tangale na dā. Bayan shekaru masu yawa, masana biyu, Herrmann Jungraithmayr da Jörg Adelberger, suka shirya rubutun suka buga shi a 1994 da sunan Hall, su kuma suka tsaya a matsayin masu gyara. Saboda wannan amana, ɗan Tangale da ke bincike yau ya san muryar wa yake ji, da zamanin da aka yi maganar, ya kuma san ta idon baƙo aka kalli kakanninsa, sai ya auna ta yadda ya dace.

Wannan ya kai mu ga mutum na biyu, wato mai karatu. Madogara hanya ce da aka share masa don ya je ya gani da idonsa. An yabi mutanen Biriya don sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Sun iya yin haka ne domin an nuna musu inda za su duba. Marubucin da ya ɓoye madogararsa ya toshe wannan hanya. In akwai kuskure a littafin da ya kwafa, kuskuren zai yi ta haihuwa daga kundi zuwa kundi, ba mai iya komawa ya kashe shi a tushe.

Na uku shi ne ɗalibin kansa. Ba don duniya tana ƙishin kundinsa ake sa shi rubutawa ba. Ana so ne ya koyi yin tambaya, da neman amsa, da rarrabe tsaba da tsakuwa. Wanda ya je shagon buga takardu ya sayi tsohon kundin wani, aka canza masa suna da shekara da sunan ƙaramar hukuma, ya biya kuɗin makaranta shekara huɗu sa'an nan ya sake biyan wani don a hana shi abin da ya zo nema.

Na huɗu su ne jama'a. Takardar shaida mudu ce. Mai sayen masara a Tudun Hatsi ya dogara ne cewa mudun da aka auna masa cikakke ne, Karin Magana 11:1 kuwa ta gaya mana yadda Ubangiji yake kallon ma'aunin algus. Malamin da zai koyar da 'ya'yanmu, ma'aikaciyar jinya da za ta yi mana allura, fasto da zai fassara mana Maganar Allah, duk takardarsu muka gani muka amince. In an buga ƙasan mudun, mu ne za mu koma gida da rabin awo.

Kada kuma a manta rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A watan Maris na 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa bayan Jami'ar Bayreuth ta janye digirinsa na dakta saboda kwafe. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya yi murabus a kan irin wannan dalili. A nan gida, a watan Satumba na 2016, fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa an ɗauko wani sashe na jawabin Shugaba Muhammadu Buhari daga jawabin da Barack Obama ya yi a 2008, abin takaici kuwa jawabin na ƙaddamar da gangamin gyaran hali ne. Jami'o'i da yawa suna tace kundaye da manhajoji irin su Turnitin, kuma a 2021 kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar da tasa manhajar mai suna EagleScan. Amma in tsoron na'ura ne kaɗai zai hana ɗan ikkilisiya sata, to mun gaza tun daga Makarantar Lahadi.

Hanyar ɗakin karatu

Na lura yawancin masu kwafe ba mugaye ba ne. Tsoro ne da ƙurewar lokaci da rashin sanin hanya. Don haka bari in faɗi abin da na gaya wa yaron nan, ko zai amfani wani.

Ka shiga ɗakin karatu tun farkon zango, kada ka bari sai saura mako biyu. Ka fara da ma'aikacin wurin, gama an horar da shi ne don ya nuna hanya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ka koyi yadda aka jera littattafai. Inda ake bin tsarin Dewey, addini yana lamba 200, Littafi Mai Tsarki 220, tarihin ikkilisiya 270, tarihin Nijeriya 966.9. Inda ake bin tsarin haruffa na laburaren majalisar Amurka, kamar yadda yawancin jami'o'inmu ke yi, BS na Littafi Mai Tsarki ne, BR na tarihin Kiristanci, L na ilimi, DT na tarihin Afirka. In ka sami littafi ɗaya mai kyau, ka duba na dama da na hagunsa a kan kanta, sa'an nan ka juya bayansa ka karanta jerin manazartarsa. Littafi ɗaya yakan kai ka ga goma.

Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, ka rubuta sunan marubuci, sunan littafi, shekara, garin da aka buga, maɗaba'a, da lambar shafi. Yawancin satar da ba a yi niyya ba daga nan take farawa: mutum ya kwafi sakin layi a littafin rubutunsa, bayan wata biyu ya manta ba nasa ba ne. In ka ɗauki kalmomin mutum daidai, ka sa su cikin alamar zance. In ka juya su da bakinka, ko ka fassara su daga Turanci zuwa Hausa, har yanzu tunaninsa ne, sai ka ambace shi. In maganar Augustin ka gani a littafin wani, ka ce a can ka gan ta, kada ka nuna kamar ka karanta Augustin. Ko sashenku yana bin tsarin APA, ko makarantar tauhidinku tana bin na Turabian, wannan batun tufafi ne. Ka bi wanda aka ce, ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

In abin da kake nema babu shi a makarantarku, akwai reshen Laburaren Ƙasa a Gombe. Mai binciken tarihin yankinmu zai sami takardun zamanin mulkin mallaka na Lardin Bauchi a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can. Kada kuma ka raina tsohon da ke zaune a gindin bishiya a ƙauyenku. Shi ma madogara ne. In ya yarda, ka rubuta sunansa da garinsa da ranar da kuka yi hira. Mun riƙe sunayen Turawan mishan da kyau, amma masu bishara na gida da yawa da suka taka ƙasar Tangale da Waja da Tula da ƙafa, da waɗanda suka zauna suna gyara wa Bature harshe yana fassara, sunayensu suna shuɗewa domin ba a rubuta ba. Duk ɗalibin da ya sa sunan irin waɗannan a kundinsa ya biya wa ikkilisiya wani tsohon bashi.

Game da manhajojin nan masu rubutu kamar mutum, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, ƙa'idar ba ta canza ba. In makarantarku ta yarda a yi amfani da su, ka faɗi yadda ka yi amfani da su. Kada kuma ka sa wani littafi a manazartarka wanda idonka bai gani ba, gama sukan ƙaga sunayen littattafan da babu su. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar waɗansu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da manhajar ta ƙirƙira musu.

Gungumen da ke idonmu

Ba zan ɗora wa yara kaɗai wannan kaya ba. A ina suka koya? Sau nawa muka hau mumbari da wa'azin da muka ɗauko daga intanet ranar Asabar da dare, har da labarin da mai wa'azin ya bayar na rayuwarsa, muka mai da shi "wata rana ina tafiya"? Ba a bukatar fasto ya cika wa'azi da sunayen littattafai. Ya isa ya ce, "Wani bawan Allah ya taimake ni da wannan fahimta." Jimla ɗaya ce, ba ta rage masa kome, tana kuma koya wa yaran da ke zaune a benci cewa babba ma yana karɓa daga wani. Mu iyaye kuma, sau nawa muka ba da kuɗin "a gama wa yaro aikinsa", ranar bikin yaye ɗalibai kuma muka kawo baikon godiya gaban ikkilisiya?

Ni mai wannan rubutu ba ni da tsabta a nan. Ina aji biyu a jami'a na taɓa kwafe shafi biyu daga wata mujalla na sa cikin aikin gida. Malamin bai gane ba, ya ba ni maki mai kyau, har ya yaba mini a gaban aji. Fiye da shekara talatin ke nan, na manta makin da na ci a darussa da yawa, amma yabon nan har yau yana yi mini ɗaci. A ranar na gane kayan aro ba ya rufe katara, ko da ba wanda ya gani sai mai sanye da shi.

Tushen abin girman kai ne: muna jin kunya a san an taimake mu. Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai wani abu da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba (1 Korintiyawa 4:7). Mu da muke shaida cewa ceton kanmu ma kyauta ne, me zai sa ya yi mana wuya mu ce "wannan daga wurin wane na samu"? Mutumin Gombe da ya buɗe famfo ya sha ruwa bai ragu da kome ba don ya san daga Dadin Kowa aka turo shi. Jerin manazarta a bayan kundi, in an yi shi da zuciya ɗaya, addu'ar godiya ce.

Wanda ya riga ya faɗi fa? A 1991 wani kwamiti na Jami'ar Boston ya tabbatar cewa Martin Luther King ya kwafi sassa na kundin digirinsa na dakta daga ayyukan waɗansu. Jami'ar ba ta janye digirin ba, amma ta sa wasiƙar bayani a jikin kundin da ke laburarenta. Wannan bai shafe abin da Allah ya yi ta wurinsa ba, abin da Allah ya yi ta wurinsa kuma bai mai da kwafen ya zama daidai ba. Dukansu biyu gaskiya ne, kamar yadda Zabura da zunubin Dawuda suke cikin Littafi ɗaya. Akwai gafara, amma hanyarta ta bi ta wurin kiran abu da sunansa, da gyara abin da za a iya gyarawa, kamar yadda Zakka ya yi.

Yaron nan ya tafi ransa a ɓace, na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Bayan mako uku sai ga shi da takardu biyu. Ta farko fassarar nan ce, ya sa sunan marubucin a sama, nasa kuma a ƙasa a matsayin mai fassara, yana tambaya yadda ake neman izinin masu littafin. Ta biyu shafi ɗaya da rabi ce, a kan yadda mahaifiyarsa take tashi da asuba ta yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya tun rasuwar mahaifinsu. Hausarta ba ta kai ta farkon santsi ba, akwai wuraren da sai da muka zauna muka gyara tare. Ita muka karɓa.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu ƙwazon bincike, ya ba mu duka tawali'un nuna rijiyar da muka sha. Amin.